Kai! Na Tsinci Gwarzo a Kogon Bishiya

Jama'a, ku tsaya. Don Allah ku ɗan tsaya ku ji, domin idan ban amayar da labarin nan ba, cikina fashewa zai yi.

Ashe akwai mutane, manya da furfurarsu, iyaye mata da jikokinsu, da aikinsu shi ne ɓoye akwatuna a daji! Ba kuɗi a ciki. Ba zinari. Ko sisin kwabo babu. Su ɓoye, su rubuta kacici-kacici, su koma gida su yi kwanciyarsu. Wasu kuma, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da su ba, su ɗaura takalmi su bazama nema. A Amurka fa! Ƙasar da muke cewa kowa gudu yake yi, ba mai lokacin wani.

Ziyara na kai wa yayata a jihar Niyok. Ba birnin nan mai dogayen benaye ba, a'a, can ciki, inda gonaki da shanu da tuddai suke. Autarta, 'yar firamare mai bakin tsiya, ita ta shigo falo da wata takarda da ta buga daga intanet, ta ɗora min a cinya.

"Kawu, gobe za ka raka ni farauta."

Farautar me kuma, Auta? Ta buɗe jakarta. Littafi ƙarami marar layi. Kushin tawada. Kamfas. Da wani guntun roba da ta sassaƙa da hannunta, hoton mage mai kunne ɗaya. Hatiminta ke nan. Kowane mafarauci da nasa hatimin, da nasa laƙabin, ba wanda yake amfani da sunan yanka.

Sunan wasan letterboxing, kuma ku ji tsufansa. Tun 1854! A dajin Dartmoor na Ingila, wani ja-gaban matafiya mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani wuri mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, don duk wanda ya iya kai kansa can ya jefa katinsa a ciki, shaidar ya zo. Daga baya masu zuwa suka riƙa barin wasiƙa, na bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Abin ya zauna a Ingila shekara da shekaru. Sai a watan Afrilun 1998 mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa, Amurkawa suka karanta, shi ke nan, wuta ta kama. Yau akwatunan dubbai ne, a bayan duwatsu, a gindin bishiyoyi, a ƙarƙashin gadoji. Kana wucewa ta kansu ba ka sani ba!

Namu jerin akwatuna ne, a wata hanyar daji kusa da garin Cooperstown, kuma wanda ya dasa su ya ce don tunawa da wani ɗan wasan besbol ne. Bud Fowler.

Wa?

Haka na ce. Haka kai ma ka ce yanzu, na sani.

Safiya. Sanyi mai shiga ƙashi. Lokacin kaka ne, kuma kai, kai, kai, ganyen nan! Ja wur, rawaya, ruwan goro, ruwan zuma, duk tudun ya kama da launi. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da danshi. Kana takawa yana ƙaras-ƙaras. Kurege ya tsaya a reshe yana hararar mu. Can ƙasa tafkin Otsego, shuɗi, shimfiɗe, inda kogin Susquehanna yake faro tafiyarsa.

Auta ta karanta alama ta farko da ƙarfi. Inda hanya ta rabu biyu, bi hagu. Daga dutsen da gansakuka ta rufe, yi taku daidai da lambobi biyu na ƙarshen shekarar da aka haifi mutumin.

Kun ga wayo? Ba za ka motsa ƙafa ba sai ka san tarihinsa! Dole ka nemo. An haife shi ranar 16 ga Maris, 1858, a Fort Plain, nan cikin jihar. Taku 58 ke nan.

Muka fara ƙirga tare. Ashirin. Talatin. Zuciyata tana dukan uku-uku, ni da girmana. Hamsin da shida, hamsin da bakwai, hamsin da takwas. Ga bishiya. Tsohuwa, ƙatuwa, da kogo a gindinta. An jera 'yan ɓawon itace a bakin kogon, jerin da iska ba ta iya yi. Hannun mutum ne!

"Kawu, sanda tukuna. Ba a zura hannu haka kawai."

Ta zungura. Ƙwas! Ƙarar roba.

Allahu Akbar. Abin nema ya samu!

Robar ajiye abinci ce 'yar ƙarama, an naɗe ta da tef mai launin ganye. Murfin ya yi sanyi ƙalau, da laka a gefe. A ciki leda, a cikin leda wata ledar. Littafi mai ɗan danshi. Da hatimi, naɗe a ƙyalle.

Auta ta danna shi a kushin tawada, ta manna a littafinta, ta danne da tafin hannu biyu, ta ɗaga a hankali.

Almakashi da reza! An sassaƙa su siriri, siriri, har da ɗan ƙusan da ya haɗa bakin almakashin. Mutum ya zauna da wuƙar sassaƙa ya fitar da wannan a jikin roba, kyauta, don baƙon da ba zai taɓa gani ba.

Me ya kawo reza? Takardar da ke manne a murfin ta faɗa. Sunan Fowler na gaskiya John W. Jackson. Mahaifinsa mai aski ne. Yana jariri suka ƙaura zuwa Cooperstown, a nan ya tashi, a nan ya koyi jifa da duka, kuma ya gaji sana'ar uba. Duk yawon da ya yi daga baya, idan wasa ya tsaya ko aka kore shi, askin ne yake ci da shi. Sana'ar gado ba ta kunyata mai ita.

Ku duba shekarar kuma. 1858. A kudancin Amurka ana saye da sayar da baƙar fata a kasuwa a lokacin. Shekara ɗaya kafin nan Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a shari'ar Dred Scott, cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Cikin wannan duniyar aka haifi yaron.

Ga dokar wasan, Auta ta koya min ita tana tsaye a kaina. Hatimin akwati ya shiga littafinka. Hatiminka ya shiga littafin akwati. Musaya ke nan. Ba a ɗaukar komai. Mage mai kunne ɗaya ta shiga shafi, kusa da mujiya, da jirgin ruwa, da wani kofin shayi mai tururi. Na yi ta buɗe shafuka. Iyali daga Ohio. Wata kaka da jikanta. Wani da ya rubuta cewa ruwan sama ya yi masa dukan tsiya amma bai yi nadama ba. Duk sun durƙusa a inda na durƙusa!

Sai muka ji takun mutane. Wani dattijo da karensa. Auta ta zauna daram a kan akwatin, ta zaro tuffa ta hau ci, fuska ba yabo ba fallasa. Wai ba a bari wanda ba ɗan hannu ba ya ga maɓoya. Ya gaishe mu, muka amsa, ya wuce. Dariya ta kusa kashe ni.

Alama ta biyu da kamfas ake bi. Juya digiri daidai da shekarar da ya fara wasa don kuɗi. 1878. Digiri 78. Allurar tana rawa, hannun Auta yana rawa, muka kutsa cikin ciyawa har gwiwa, zuwa wata tsohuwar katangar duwatsu irin wadda manoman da suka jera. Dutse ɗaya ya fi sauran sassauci. Na ja shi.

Ga ta!

Hatimin hannu ne riƙe da ƙwallo.

Bari in ɗan warware wasan a gurguje ga wanda bai sani ba. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo da ƙarfin tsiya, wani ya doke ta da kulki, ya ruga yana zagaya zango huɗu kafin a cafke ƙwallon a riga shi. Shi ke nan. Sauran duk ƙa'idoji ne.

To a watan Afrilun 1878, yaro ɗan shekara 20, baƙi, ya tsaya jifa wa wata ƙungiyar 'yan sha'awa ta garin Chelsea a Massachusetts. Abokan karawa? Kulob ɗin Boston, zakarun babban lig na ƙasa na 1877, da shahararren majefinsu Tommy Bond. Ɗan mai aski ya lallasa su 2 da 1.

Zakarun ƙasa fa! Biyu da ɗaya!

Wata mai zuwa kulob ɗin Lynn Live Oaks ya ɗauke shi. Da wannan ya zama baƙar fata na farko da aka sani ya buga besbol na ƙwararru a cikin tsararren lig. Na tsaya na yi lissafi da yatsa. Jackie Robinson, wanda duk duniya ta sani, wanda aka yi fim a kansa, wanda ya karya shingen wariya da kulob ɗin Brooklyn Dodgers, ranar 15 ga Afrilu, 1947 ya shiga fili. Tsakani shekara 69. Sittin da tara! Kafin a haifi Robinson ma, Fowler ya riga ya yi wasansa ya gama, ya koma ga Mahaliccinsa.

Akwati na gaba shi ne ya tsaya min a maƙoshi. A ƙarƙashin wani kututture yake, kuma da hatimin ya fito a takarda, ban gane shi ba da farko. Ƙafa ce. Ƙafar mutum daga gwiwa zuwa idon sawu, an ɗaɗɗaure ta da wasu dogayen abubuwa.

"Katako ne, Kawu."

Katako?

Katako. Bayan hannunsa ya gaji da jifa, ya koma tsaron zango na biyu, inda mai gudu yake zamowa da ƙafa a gaba don ya taɓa zangon. Takalman wasan ƙusoshin ƙarfe ne a ƙasansu. Fararen 'yan wasa sai su zamo da gangan, ƙusoshi a sama, suna auna ƙwaurinsa. Da gangan! Don su yaga shi, don ya bar musu fili. Masu jifa kuma su auna jikinsa maimakon kulkinsa. Shi ne ya riƙa ɗaura tsagin katako a ƙwauri kafin ya shiga wasa. Haka Frank Grant, wani gwanin baƙar fata na kulob ɗin Buffalo, shi ma ya riƙa yi.

Na shafa ƙwaurina ta saman wando. Wallahi sai da na ji tsikar jikina ta tashi.

Kuma bai daina ba. Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Bai daina ba! A kore shi nan, ya ɗauki jakarsa da rezarsa ya hau jirgin ƙasa. Guelph a Kanada, inda abokan wasa suka ce ba za su buga da shi ba. Stillwater a Minnesota, 1884. Keokuk a Iowa, 1885. Pueblo a Colorado. Topeka a Kansas, 1886. Santa Fe, can New Mexico. Michigan, Nebraska, Ohio. Shi da bakinsa ya ce ya buga wasa a jihohi 22 da Kanada. Ba don ba ya iyawa yake yawo ba. Iyawar ce ma ta sa ake ɗaukarsa, launin fatar ya sa ake sallamarsa.

Ku ji ta 1887. Yana Binghamton, nan jihar Niyok, yana dukan ƙwallo da maki .350, wato cikin duk zuwa 100 yana cin nasara sau 35. A wasan nan duk wanda ya haura 30 gwani ne na bugawa a jarida. Me ya samu? Fararen abokan wasansa suka haɗa kai suka ce ko su ko shi. Ya bar kulob ɗin. Ranar 14 ga Yulin shekarar, shugabannin lig ɗinsu, wato International, suka zauna suka zartar cewa ba za a ƙara amincewa da sabon kwantiragin baƙar fata ba. A ranar dai, a Newark, Cap Anson, tauraron Chicago, ya ƙi fitowa fili muddin George Stovey, majefi baƙar fata, zai yi jifa. Rana ɗaya! Daga nan ƙofa ta yi ta rufuwa har ta rufe ruf.

Auta ta yi shiru, ta ƙura wa hatimin ido. Sai ta ce, "Kawu, to me ya sa bai haƙura ba?" Na ce mu je akwati na gaba, wataƙila amsar tana can.

Tana can kuwa!

Alamar ta ce a bi tsohon shingen waya mai tsatsa, taku 95. Mai dasa akwatin nan ɗan duniya ne, domin shingen kansa alama ne. Hatimin da muka tarar? Keke!

Keke kuma? A labarin besbol?

To ku saurara. Da suka rufe masa ƙofa, sai ya gina nasa gidan. Shi da wani matashi, Grant Johnson, suka kafa kulob na baƙar fata zalla a garin Adrian na Michigan, suka fara wasa a 1895. Kamfanin da ke ƙera shingen waya ne ya ɗauki nauyi, shi ya sa sunan kulob ɗin Page Fence Giants. Otal-otal ba sa ba baƙar fata ɗaki, gidajen abinci ba sa ba su kujera. To sai me? Suka mallaki taragon jirgin ƙasa nasu na kansu. Da gadaje. Da kicin. Da kuku! Su kwana a ciki, su ci a ciki, ba ruwansu da wulaƙancin kowa.

Idan jirgi ya tsaya a gari, sai su fito cikin kayan wasa, kowa ya haye kekensa, su jero a babban titi kamar 'yan rakiyar ango, yara na bin su da gudu, jama'a na leƙowa ta taga, har filin wasa. Talla ke nan, kuma tana ci. A kakar farko kaɗai sun ci wasa 118, aka ci su 36. Har da Cincinnati Reds na babban lig suka kara sau biyu. Reds ɗin ne suka yi nasara, amma ku duba inda 'yan tarago suka kai!

Na zauna a kan ciyawa ina dariya ni kaɗai. Keke! Tarago! Kai, mutumin nan ya iya rama cuta.

Akwatin ƙarshe bai da wuyar samu, amma lissafinsa ya fi kowanne nauyi. Taku daidai da shekarun da kabarinsa ya yi ba ko alama.

Ya rasu ranar 26 ga Fabrairu, 1913, a gidan 'yar'uwarsa a garin Frankfort, bayan doguwar jinya ta ciwon jini, ba shi da komai. Saura kwanaki ya cika 55. Babban lig na baƙar fata da ya yi ta fafutukar kafawa, sai a 1920 Rube Foster ya kafa irinsa a Kansas City, bai gani ba. Aka binne shi a maƙabartar Oak View, ba dutse, ba suna. Sai a 1987 ƙungiyar masu binciken tarihin besbol ta Amurka, SABR, ta kafa masa dutse.

1913 zuwa 1987. Taku 74.

Mun taka su, kuma wannan karon ba wanda ya ƙirga da ƙarfi. Doguwar tafiya ce, taku 74, idan kowane taku shekara ne.

Hatimin fuskarsa ce, da hular wasa. A ƙasan takardar an ce: yanzu ku sauka gari, ku nemi sunansa a sarari.

Muka sauka. Kuma a nan ne kaina ya ƙarasa kwancewa.

Cooperstown ƙauye ne, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Amma duk mai son besbol a duniya ya san shi, domin nan ne Zauren Gwarazan Besbol yake, wanda aka buɗe a 1939. Me ya sa nan? Saboda wani kwamiti ya sanar a 1907 cewa wai Abner Doubleday, janar na yaƙin basasa, shi ya ƙirƙiro wasan a garin a 1839. Hujjarsu wasiƙar wani tsoho guda ɗaya. Masana tarihi sun daɗe da yin watsi da zancen. A 1839 Doubleday ɗalibi ne a makarantar sojoji ta West Point, kuma bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro komai ba. Amma an gina fili da sunansa, an gina zaure, an gina arzikin gari kacokan a kan tatsuniya.

Tatsuniya! Alhali ga ɗan gari na gaskiya, wanda ya yi wasa a turɓayar garin, wanda ya buɗe ƙofar da ba wanda ya taɓa buɗewa, yana kwance a lokacin ba ko dutse a kansa.

Sai a 2013, shekara 100 da rasuwarsa, garin ya raɗa wa 'yar hanyar da ke shiga filin Doubleday suna Fowler Way. Na gan ta da idona. Gajeriya ce, amma duk mai shiga filin ta nan sai ya bi ta ƙarƙashin sunan ɗan mai aski.

Muka shiga zauren. Dogon ɗaki, bango na katako mai sheƙi, allunan tagulla jere reras, kowanne da fuskar gwarzo. Ga Babe Ruth. Ga Jackie Robinson. Ga Cap Anson, eh, shi dai, wanda ya ƙi fitowa fili, yana nan tun 1939. Auta ta ja hannuna, ta ja, ta ja, har ƙarshen jeri.

"Kawu! Kawu, ga shi!"

Ga shi kuwa. John W. Jackson, Bud Fowler. An zaɓe shi a Disambar 2021, aka shigar da shi ranar 24 ga Yuli, 2022. Dave Winfield, gwarzo baƙar fata da ke cikin zauren tun tuni, shi ya yi jawabi a madadinsa. Shekara 109 bayan rasuwarsa. Shekara 83 bayan Anson. Ni dai a ganina wannan jinkirin abin kunya ne, kuma allon tagulla ba ya goge shi.

Amma ku lura da abin da ya faru da ni. Da zauren na fara shiga, da na wuce allon nan fuu, ɗaya cikin ɗaruruwa, suna cikin sunaye. Wanda ya ɓoye robobin nan ya sa na taka shekarun mutumin da ƙafata, na tono su da farcena, tawada ta ɓata min yatsu. Ta yaya zan manta 1878 bayan na juya kamfas a kanta? Ta yaya zan manta katako?

Don haka duk wanda Allah ya kai shi jihar Niyok, kada ya ƙare a kallon benaye da sayen tsaraba. Ku nemi mota ku yi arewa. Ku tafi da yara, da littafi marar layi, da kushin tawada, da takalmi mai rufi, da dogon wando saboda kaska. Ku sassaƙa hatiminku tun a gida, ko a jikin magogin fensir ne. Idan kun sami akwati, ku rufe ledar da kyau, ku mayar da shi daidai inda yake, ku lulluɓe fiye da yadda kuka tarar. Hatimin kuma, don girman Allah, ku bar wa na baya!